Tukunyar Dare a Ƙasar Gobir: Ina Saurin Yake?

Gabatarwa

Duk wanda ya san zaman Hausawa ya san da abin da aka sauke da dare ake auna gida. Da safe ana iya karya kumallo da koko ko ɗumame, da rana a dama fura a sha a koma bakin aiki, amma da zarar an idar da sallar magariba, to, idon kowa yana kan murhu. Daga tukunyar nan ne ake cika akushin maigida a kai zaure a yi ciyayya da maƙwabta, daga cikinta ne baƙon da dare ya riska yake samun rabonsa, haka nan almajirin da ya tsaya a bakin ƙofa. Hatta rabon kwana tsakanin matan gida da girki ake kiransa, shi ya sa in an ce wance ce da girki, kowa ya gane abin da ake nufi.

A yau wannan tukunya ta shiga matsi a ƙasar Sabon Birni da Isa. Lokacin uwargida ya ragu, itace ya yi wuya, bakunan da ake ciyarwa sun ƙaru. Saboda haka sai ra'ayi ya rabu biyu. Wasu suna ganin mafita ita ce a rungumi taliyar leda da makamantanta, tun da ba ta ɗaukar lokaci. Wasu kuwa sun kafe a kan cewa daren da ba a tuƙa tuwo ba, gidan da yunwa ya kwana. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa dukkan ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Saurin girkin dare a tanadi yake, kuma cimar Gobirawa ta gado tana da abincin gaggawa isasshe, muddin an shirya mata, kuma muddin maigida ya ɗauki rabonsa na nauyin.

Ƙasar da cimarta

Sabon Birni gari ne na Gobirawa da ya kafu a rabi na biyu na ƙarni na 19, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da kafuwar Tsibiri kusa da Maraɗi a 1836. Daga Tsibirin ne Ɗan Halima ya taso da jama'arsa ya kafa sabon birnin. Ƙasa ce ta tudu da fadama. A tudu ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, a fadamun da gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi suke shayarwa kafin su zama Gulbin Rima kuwa, ana samun shinkafa da albasa da tattasai da tumatir da dankali, ga kuma kifi. Fulani maƙwabta suna kawo nono da man shanu. Watau duk abin da tukunya take bukata, ƙasar tana fid da shi da kanta.

Mutanen wannan yanki kuma sun daɗe da sanin dabarun ajiya, domin fari ya koya musu. Waɗanda suka ga yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 zuwa 1985, ba sa wasa da rumbu. Tun da kaka mata suke yanka kuɓewa su shanya, su daka ganyen kuka su tankaɗe, su busar da yakuwa da zogale da rama da tafasa, su yi kauɗar tumatir, su ajiye daudawa, ko ta kalwa ko ta batso. Wannan ilimi shi ne jarin da maƙalar nan take son a koma a duba.

Abin da ya sauya

Abu na farko da ya sauya shi ne yinin mace. Tun daga shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976, da yaɗuwar makarantun Islamiyya na matan aure daga baya, an sami mata malamai da ma'aikatan asibiti da ɗalibai, waɗanda ba sa shigowa gida sai rana ta yi sanyi. 'Yan matan da a da suke kama wa iyayensu surfe da daka, yanzu da yawansu suna aji a lokacin. Matan da ke cikin gida su ma ba a zaune suke ba, domin kowace tana da sana'arta, ko ƙuli-ƙuli, ko awara, ko ɗinki, kuma a gidaje da yawa ribar sana'ar ce take cika kuɗin cefane.

Abu na biyu, wanda ya fi ciwo, shi ne rashin tsaro. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni a yini guda. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, wasu kuma suka tattaro cikin Sabon Birni da Isa suka raɓa da dangi. Wannan bala'i ya shiga har cikin madafi. Gidan da ake ciyar da mutum 8 ya koma ciyar da 20. Dajin da ake zuwa itace ya zama wurin da ake shiga da fargaba. Gonakin nesa an bar su, mata da yawa kuma sun zama su ne uwa su ne uba.

Abu na uku shi ne tsada. Rufe iyakar Nijeriya daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun taɓa cinikin da ya haɗa Gobirawan nan da na can tun kaka da kakanni. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ɗaga kuɗin mota da na niƙa gaba ɗaya. Saboda haka matar da take neman girki mai sauri ba ƙyuya ce ta kama ta ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Ina lokacin yake tafiya?

Kafin a yanke wa tuwo hukunci, ya kamata a bi shi daki-daki a ga inda yake cinye lokaci. Ana sussuka hatsi a sheƙe, a surfa a bakace, a wanke a rege, a baza ya sha iska, a daka ko a kai niƙa, a dawo a tankaɗe a fid da tsaki. Duk wannan tukunya ba ta hau wuta ba tukuna. Bayan haka ne ake ɗora ruwa, a yi talge, a tuƙa da muciya, a rufe ya sulala, a kwashe da mara. In mai karatu ya lura, zai ga aikin da ke kan wuta shi ne ƙarami. Galibin wahalar tana tsakanin rumbu da rariya, sai kuma neman ruwa da itace, da jiran cefanen da bai iso ba sai la'asar sakaliya.

To, in haka ne, maganin a fili yake. Aikin da ba dole ne a yi shi kullum ba, a tara shi a yi sau ɗaya ko sau biyu a mako. A ware rana guda a surfa hatsin kwanaki, a niƙa, a tankaɗe, a raba gari daban, tsaki daban, a shanya su bushe sarai kafin a rufe. A nan akwai abin lura: garin gero yana da maiƙo, shi ya sa ba ya jure ajiya, in ya kwana da yawa sai ya yi ɗaci, don haka na kwana uku ko huɗu ya isa, alhali garin dawa da na masara sun fi shi daɗewa. A daka yaji mai yawa a zuba a gwangwani. A daka daudawa da busasshen tattasai da citta wuri guda, yadda cokali ɗaya zai tayar da miya. A gyara busasshen kifi a cire ƙaya. A daka ƙuli-ƙuli a ajiye a wuri marar laima, domin gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta. Wake kuwa, a jiƙa shi tun da safe kafin a fita, ya rage cin wuta. Magabata sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abincin gaggawa na gado

Matar da ta yi wannan tanadi, ko da ta shigo gida gab da magariba, tana da zaɓi. Ga ɗanwake, wanda in garinsa yana haɗe, watau na wake da na rogo da kuka, abin da ya rage shi ne a kwaɓa da ruwan kanwa, a jefa cikin tafasasshen ruwa, in ya taso ya nuna a tsame, a sa mai da yaji da albasa. Da wuya ya wuce rabin sa'a. Ga fate, tukunya ɗaya tak, ruwa da kayan miya da tsaki da yakuwa ko alayyafo, a zuba dakakkiyar gyaɗa, kuma yana da albarkar da in baƙi sun ƙaru, ruwa da ganye kawai za a ƙara. Ga dambu, wanda ake turara tsaki a madambaci tare da zogale da albasa, ba ya son tuƙi, uwargida tana iya yin salla ta duba yara yana kan wuta. Ga burabusko na gero. Ga shinkafa da wake da mai da yaji, ga dafa-duka da busasshen kifi da daudawa.

Akwai kuma waɗanda kusan ba sa neman wuta. Kwaɗon rama ko na zogale ko na tafasa, wanda mutanen wannan yanki suke kira ɗatu, in an dafa ganyen tun da rana, haɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir aikin 'yan mintoci ne. Hoce, wanda ake gasawa da garin dawa, yana kwana bai lalace ba, a marmasa shi a kwaɗanta a ci a ƙoshi. Fura da nono da gumba suna nan ga daren zafi na bazara. Hatta tuwon kansa, in gari yana tankaɗe, ba abin tsoro ba ne, miyar kuka kuwa tana cikin miyar da ta fi kowace saurin haɗuwa: ruwa ya tafasa da daudawa da kifi, a kaɗa kuka da maburgi, a sauke.

Wata dabarar da ta cancanci a yaɗa ita ce ta sauke tukunyar wake ko shinkafa bayan ta tafasa sosai, a naɗe ta da tsumma mai kauri a sa cikin kwando a rufe, zafin da ke cikinta ya ƙarasa dahuwar. Wannan yana rage itace ƙwarai. Kanwa ma tana sa wake saurin nuna, sai dai a yi ta da awo, domin yawanta yana kashe wani sashe na amfanin abincin. Ɗumame kuma a tabbata ya yi zafi har cikinsa kafin a ba yara.

Hujjar masu taliyar leda

Adalci ne a saurari masu wancan ra'ayi. Taliyar nan wani mutumin Japan ne, Momofuku Ando, ya ƙago ta a 1958. Samfurin Indomie na ƙasar Indunusiya ya shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarsa a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, har sunansa ya zama sunan kowace irin taliyar leda a bakin Bahaushe. Masu sonta suna cewa tana nuna cikin 'yan mintoci, itace kaɗan take ci, ba surfe ba tankaɗe, yara suna sonta, kuma ko yaro ɗan shekara 12 yana iya dafa ta. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai zargi ɗalibi a ɗakin kwanansa ko matafiyi a tasha don ya ci.

Amma abincin mutum ɗaya daban, abincin iyali daban. Gida mai mutum 10 sai an buɗe ƙunshi 10 ko fiye kafin kowa ya ce ya taɓa, alhali kuɗin nan in an sayi tsaki da wake da ganye da su, za a ci a bar na ɗumame. Sa'an nan taliyar garin alkama ce da aka soya da mai, ɗanɗanonta kuma yawancinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba yake ci a yini ya kai giram 5, ƙunshi guda kuwa yana cinye kaso mai yawa na wannan awo. In ba a sa mata ƙwai ko kifi ko ganye ba, cika ciki kawai take yi, waɗannan kuwa su ne masu tsadar. A ƙasar da asibitocinta suke karɓar yara masu tamowa kowace damina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gero yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini fiye da farar shinkafa, kuma masana abinci sun tabbatar cewa hatsi da wake in sun haɗu, kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki. Watau wadda ta fara haɗa ɗanwake da wadda ta fara zuba gyaɗa a fate sun riga masu bincike isa wurin.

Bugu da ƙari, yawancin alkamar da Nijeriya take ci daga waje ake sayo ta, saboda haka farashin taliya yana bin darajar naira, kamar yadda aka gani bayan 2023. Kuɗin da aka kashe a kanta barin garin yake yi. Kuɗin gero da daudawa da ƙuli-ƙuli kuwa a hannun manomi da maƙwabciya yake tsayawa. Abin mamaki ma shi ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don ɗaukaka gero da danginsa, saboda jurewarsu ga fari da amfaninsu ga jiki, a daidai lokacin da wasu jikokin manoman gero suke jin kunyar a ce shi suka ci.

Hujjar masu tuwo

Ɗaya ɓangaren ma yana da abin dubawa. Dattijon da ya ce sai tuwo, yana kare wani abu ne mai daraja, domin tuwo yana riƙe cikin manomi, yana kwana a yi ɗumame, ƙanzonsa ma ba a zubarwa. Kuskurensa shi ne mayar da al'ada ta zama farilla a kan wuyan mutum ɗaya. A zamanin da ake tuƙa tuwo kowane dare, gida yana da mata da 'yan mata da yawa masu karɓa-karɓa a turmi, itace kuma yana bayan gari. Wanda ya nemi tuwon wancan zamani daga hannun mace ɗaya da ta yini a aji ko a asibiti, ya nemi abin da kakansa ma bai nema ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Tuwo sau uku ko huɗu a mako, sauran darare a yi fate ko ɗanwake ko dambu, bai rage wa gida mutunci da komai ba.

Rabon maigida

A nan ne maganar take da nauyi, domin sau da yawa in ana zancen girki mai sauri, mace kaɗai ake yi wa wa'azi. Alhali littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, irin su Muhtasar na Halil, sun lissafa ruwa da mai da itace da gishiri cikin abin da ya wajaba miji ya kawo. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Tanadin mako da aka bayyana a baya ba zai yiwu ba in maigida yana auno hatsi tiya-tiya da yamma, ko yana riƙe kuɗin niƙa sai an roƙa. Wanda yake da hali ya fitar da na mako gaba ɗaya. Wanda ba shi da hali, ya kawo abin da ya samu da wuri, kuma ya karɓi abin da aka sauke da godiya. Samari su ɗauki kai niƙa da ɗebo ruwa da faskare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hukumomi da masu hannu da shuni su ma suna da abin yi. Injin surfe da na niƙa a kowace unguwa, rijiyar burtsatse kusa da gidaje, da murhu mai tsimin itace wanda maƙera da magina na gida za su iya yi, sun fi buhunan taliya da ake rabawa a yi hoto amfani ga mace. Sama da duka kuwa akwai tsaro, domin ba dabarar girkin da za ta cika tukunyar da gonarta take hannun ɗan bindiga.

Kammalawa

Mai karatu yana iya tambaya, me ya kawo zancen tukunya cikin mujallar sashen Hausa? Amsa ita ce, madafi rumbun kalmomi ne. Talge da ruɗe da sulala, mara da muciya da maburgi, tsaki da gasara da ƙullu, kowace kalma tana rayuwa ne muddin ana yin aikin da take nufi. Karin harshen Gobirawa kuma yana da nasa sunaye na ganyaye da girke-girke waɗanda ba duka ne suka shiga ƙamus ba. Tsofaffin da suka san su, da yawansu an raba su da ƙauyukansu, suna zaune a gidajen dangi ko a hayin iyaka, kuma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba. Ɗalibin da yake neman batun kundin kammala karatu, ga fage nan a buɗe: ya zauna gaban kakarsa da alƙalami, ya rubuta sunan kowane abinci, da kayan haɗinsa, da lokacin da yake ɗauka, da lokacin shekarar da ake yinsa. Malamai kuma su karɓi irin wannan aiki da muhimmancin da suke ba waƙa da nahawu. In an tattara, a mayar wa matan da shi cikin ƙaramin littafi, da boko da ajami, a kuma karanta a gidajen rediyo, yadda amaryar da ta tashi ba ta ga ana surfe ba za ta san tana da abin dafawa in magariba ta kawo jiki. Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, ya mai da kowa gonarsa, ya sa albarka a tukunyar kowane gida, amin.